Mai Ƙirga Tsuntsaye da Ƙwallon Tsamiya

Idan aka sallame sallar asuba a masallacin unguwarmu a Madadi, kowa yakan ja takalminsa ya nufi gida, mu masu son barcin safe mu koma mu ƙarasa abin da ladan ya katse mana. Mutum ɗaya ne ba ya komawa. Baba Mijinyawa yakan tsaya a bakin masallaci, ya harɗe hannuwa a baya, ya ɗaga kai sama yana jiran gari ya waye sosai. In ka gaishe shi zai amsa maka da kyau, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi shanu, amma idonsa ba a kanka yake ba. Daga nan ya shiga gida ya sha kunu, ya ɗaure kular alluransa a bayan keke, ya zuba ƙwallayen tsamiya a aljihun gaban rigarsa, ya kama hanyar rugage. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Ƙarar sarƙar kekensa ce ke tashina tun ina sabon ango, ga shi yau har na ga jika.

Malamin dabbobi ne, mai yi wa shanu allurar rigakafi. Daga Madadi zuwa Sabon Birni, har ka tsallaka Durun ta ƙasar Kabo, babu rugar da ba a san kekensa ba. Lokacin da aka raba wa abokan aikinsa babura shi ma an ba shi, ya ce a kai kasuwa, wai ƙarar babur tana korar tsuntsaye tun kafin mutum ya iso su. Bana ya ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗoriya. Ba a yi masa taro ba, ba a buga kalanda da hotonsa ba, ko ruwan leda ba a raba ba. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan nauyi. Ganin Baba ya ɗauki hanyar tafiya tun bara, kuma akwai tsuntsuwa ɗaya da ya yi ta roƙon Allah ya nuna masa kafin hasken ya ɗauke.

Bari in fara da ƙwallayen tsamiyar nan, don na san mai karatu ya ce me ya haɗa su da allurar shanu.

Baba yana ƙirga irin tsuntsayen da ya gani a kowace shekara. Ba yawansu yake ƙirgawa ba, iri-irinsu. Shekararsa ba ta bin kalandar ofis, tana farawa ne ranar da shamuwa ta farko ta sauka a kan kukar bayan masallaci, wato lokacin da damina ta kusa. Ranar zai ɗauko sabon gora, ya jefa ƙwallon tsamiya ɗaya a ciki, na shamuwa ke nan. Daga nan duk tsuntsun da ya yi ido biyu da shi karon farko a wannan shekara, sai ya cire ƙwallo daga aljihun gaba ya mayar aljihun gefe, in ya dawo gida ya jefa a gora. Balbela ɗaya, hankaka ɗaya, cilakowa ɗaya, hasbiya ɗaya, ko da zai ga dubunsu daga baya ba ƙari. Ka ce ta yaya yake tuna wanda ya riga ya saka da wanda bai saka ba? Ni ma na tambaye shi. Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan mahaifiyarsa, ya ce, "Sagiru, kai kana manta wanda ka gaisa da shi bana?"

Matarsa, Inna Altine, ba ta taɓa gajiya da zolayarsa a kan wannan ba. Takan ce, "Wasu mazan shanu suke tarawa, nawa ƙwallon tsamiya. Ko kunun tsamiya zan dama sai ya zo ya tsaya a kaina, Innar yara kar ki zubar, Innar yara kar ki zubar. Sai ka ce gwal!" Shi kuwa murmushi kawai yake yi, ya kwashe abinsa ya shanya a rana.

Asalin abin, kamar yadda ya faɗa mini, gardama ce. Yana sabon ɗaukar aiki, aka zauna hira a wata ruga, wani dattijo ya ce an daɗe ba a ga tuje ba, wannan babban tsuntsun fili da mafarauta ke so. Wani ya ce ai bara ma ya gan shi, wani ya ce ƙarya ne, rabon da a gan shi tun kafin a yi kwalta. Aka yi ta musu har aka tashi, ba wanda ya iya cewa ga shekarar da tuje ya bar ƙasar nan. Baba ya ce ranar bai iya cin abinci ba. "Mu jikokin makiyaya ne," in ji shi. "Kowace yamma mutum yana duba garkensa, in saniya ɗaya ba ta dawo ba ya sani, ya bi sawu. Ga wani garke a samanmu, halitta guda ta fita daga cikinsa, ba wanda ya ko lura. Na ce ni zan riƙa dubawa."

Yana da doka, kuma dokar ba ta da ƙofar baya. Abin da idonsa bai gani ba ba ya shiga gora. Jin kuka ba gani ba ne. Labarin wani ba gani ba ne, ko da liman ne ya ba da shi. Tsuntsun keji ba ya ciki, mushe ba ya ciki, wanda aka ɗaure ƙafarsa a kasuwa ba ya ciki. Akwai shekarar da tsuntsun nan ragon maza ya tare a cikin karan bayan gidajenmu yana ta kuka damina guda, kowa yana jinsa, har ya ishe mu. Na ce, "Haba Baba, wannan ai ko kurma ya san yana nan, ka jefa masa ƙwallonsa ko ya ƙyale mu." Ya ce, "In ya fito mun gaisa." Sai da aka sare kara ya gan shi yana sanɗa, sannan ya saka.

In shamuwa ta dawo, shekara ta cika ke nan, sai a yi abin da mu a Madadi muke kira juye gora. Bayan la'asar Baba zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, ya zazzage ƙwallayen, ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya yana faɗin sunan tsuntsu da inda suka fara haɗuwa. Kirinjijiya, a bakin tafkin Durun. Alhudahuda, a kan turken wani maraƙi a Sabon Birni. Tsirya, a kan tsamiyar makaranta. Zalɓe, bardo, carki, fakara, tsattsewa. Wallahi ban taɓa ganin ƙwallo ya yi saura a tabarma ba tare da suna ba, ban kuma taɓa jin ya maimaita suna ba. Da farko yara ne ke taruwa don dariya. A hankali manya suka fara jan buzu suna zama. Amma abin da ke sa wurin yin tsit shi ne na ƙarshe, in ya gama da waɗanda suka zo, ya kakkaɓe hannu, ya fara kiran waɗanda ba su zo ba. Tuje. Burtu. Borin tinke. Gauraka. Shekarar da ya fara saka ungulu a cikinsu, wani tsohon mahauci ya miƙe tsaye ya ce ba zai yiwu ba, ungulu da ke hana su sakat a kwatar Gwarzo? Baba ya ce, "To yaushe rabonka da ita?" Mutumin ya koma ya zauna.

Idan an gama sai ya mayar da ƙwallayen, ya toshe bakin goran da totuwa, ya rataye a ɗakinsa kusa da na bara. Na taɓa shiga ɗakin, ya ce in girgiza su bi da bi daga na farko. Na farkon nan nauyi gare su, ƙararsu a cike, ƙwallayen kowanne sun haura ɗari da hamsin. Ina matsowa ƙarar tana sakewa, gora yana sauƙi a hannu. Da na iso na kusa-kusan nan sai na ji tsigar jikina ta tashi. Ikon Allah! Ni da na yi rayuwata duka a ƙarƙashin wannan sama ban san tana yin fili ba, sai da na ji a tafin hannuna a ɗakin maƙwabcina.

Kada wani ya ce wasa ne kawai na mai lokaci. Ku je Durun ku tambayi Zainulabideen, wani makiyayi mai garke babba, ya ba ku labarin ranar da ya kora shanunsa tafki da rani. Ya ce suna dab da ruwa, shanu har sun fara sassarfa, sai ga Baba Mijinyawa ya yar da keke ya sha gabansu yana kaɗa hula yana ihu. "Na zaci ya zare," in ji shi. "Na ce Malam lafiya? Ya ce ina balbelun da ke cika bakin tafkin nan kullum? Na duba, babu ko ɗaya. Ya ja ni cikin ciyawa ya nuna mini guda biyu a kwance, ga ƙananan kifi sun taso sama." Ashe wasu ne suka zuba maganin ƙwari a ruwan don kamun kifi. Ranar da kyar aka juya shanu masu ƙishi, Baba da kansa ya kama sanda ya taya su. Zainulabideen ba ya ba da wannan labari sai ya share ido, ya ce duk abin da ya mallaka a duniya yana tsaye a bakin ruwan nan.

Ku tambayi Malama Jemimah, wadda ta zo mana daga Filato ta koyar a firamarenmu har ta yi furfura a nan. Ta ce farkon zuwanta kewar gida ta kusa mayar da ita, ba ta san kowa ba, Hausarta ma ba ta nuna ba. Wata rana tana zaune a bakin aji, wani ɗan tsuntsu ya sauka a taga, irin wanda ke zuwa tsakar gidan kakarta. Baba yana wucewa da kekensa ya ga tana kallonsa, ya tsaya, ya gaishe ta, ya ce, "Malama, a garinku me kuke ce masa?" Ta faɗa masa da yarensu. Ya maimaita, ya kuskure, ta gyara masa, ya sake kuskurewa, ta yi dariyarta ta farko a Madadi. Har yau in ya zo kan wannan tsuntsu ranar juye gora, sunaye biyu yake faɗa, namu da nasu.

Kai ne, Baba, ka koya wa gari guda ɗaga kai. Kai ne ka shiga rugar da ciwon huhu ya faɗa wa shanu lokacin da kowa ke kewaye ta, ka yi aikinka, ka fito kana ba da labarin carkin da ka gani a bayan wani sa. Kai ne ba a taɓa jin ka ce ka ga abin da ba ka gani ba, a zamanin da mutum zai rantse da Alƙur'ani a kan abin da ya gani a waya. Mai gora na Altine, sannu da aiki.

Sai ga ciwon ido. Ya fara ne da karo da abubuwa ta gefe, turmi, ƙofa, akuya. Aka kai shi asibitin ido a Kano, likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya yi nisa. Aka ba shi maganin ɗigawa don a ja lokaci, amma ba a ɓoye masa ba, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sauran ma tafiya zai yi. Ganinsa ya riƙa tsukewa daga gefe, ya zama kamar mai leƙe ta bakin tulu. Da shamuwar bara ta sauka ya ɗauko sabon gora, ya ce da Inna Altine, "Innar yara, ina jin wannan ne na ƙarshe." Ta ce ya daina irin wannan magana. Ya ce, "Ba ƙorafi nake ba, na ga rabona. Abu ɗaya ne dai. Da Allah zai nuna mini gauraka ko sau ɗaya, in saka ta a wannan goran, da na rufe ido da daɗi." Gauraka ce tsuntsuwar yarintarsa. Ya ce suna kiwo a fadama sukan gan su garke-garke, dogaye, da tukkun nan mai ruwan zinariya a ka, suna rawa da safe. Rabonta da shiga goransa an fi shekara ashirin.

Maganar nan ta fita daga ɗaki ta zaga gari, ta isa rugage. Kuma ku san halin mutanenmu, in suna son mutum ba sa iya zama su zuba ido.

Wata safiya bayan an gama girbi, sai ga Zainulabideen a ƙofar gidan Baba yana haki, wai tun daga fadamar Sabon Birni yake gudu. "Baba, fito! Gauraka! Wallahi gauraka a fadama!" Na leƙo ta katanga na ga Baba ya fito da takalmi ƙafa ɗaya. Aka ɗora shi a babur, ranar bai yi gardama ba. Ni ma na bi. Abin da ya fara ba ni mamaki, muna isa na tarar da rabin gari a can, maza da manyan riguna, mata sun ci ado, Inna Altine da kanta tana tsaye da sabon zane. Na ce a raina, tabɗi, wace irin gauraka ce wannan da ta aika wa mutane goron gayyata?

Tana can kuwa a tsakiyar ciyawa, tsaye, baƙa mai fari a fiffike, tukkun yana ƙyalli a rana. Ni ban taɓa ganinta ba sai ranar, kuma na yi tasbihi ban san na yi ba. Aka riƙe kafaɗun Baba aka juya shi. Ya yi ta lalube da ɗan ganin da ya rage masa, kai yana yawo a hankali, har ya same ta. Ya tsaya cak. Hawaye yana bin gemunsa, ya ce, "Ke ce? Ina kika shiga haka?" Ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro ƙwallo. Mata suka fara guɗa.

Guɗar ce ta tsayar da hannunsa. Ya saurara, ya sake duban tsuntsuwar, ya ce, "Wannan hayaniya duka, ba ta tashi ba?" Ya zame daga hannun masu riƙe da shi, ya shiga ciyawar shi kaɗai, ya miƙa tafin hannu. Sai ga gauraka ta tako da sauri ta zo ta sa baki a hannunsa tana neman hatsi, kamar kazar gida. Ya shafa wuyanta, ya gangara zuwa fiffike, ya ware shi da yatsu. Gashin duk an datse shi da almakashi.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Aikin wa ke nan?"

Zainulabideen ya cire hula. "Ni ne, Baba. A gidan wani mai hali a Kano na same ta, tana yawo a tsakar gida. Na ba shi ragon da nake kiwo, ya ba ni ita. Jiya da yamma muka kawo ta a buhu."

Inna Altine ta ce, "Kar ka ga laifinsa, Malam. Ni na ce ya nemo."

Na zaci Baba zai yi faɗa. Sai ya yi dariya, irin wadda ke fitowa tare da hawaye, ya ce, "Rago guda! Allah ya saka muku da alheri, Allah ya mayar maka da ninkinsa. Amma wannan ba zuwa ta yi ba, kawo ta aka yi." Ya mayar da ƙwallon cikin aljihun da ya ciro shi. Aka yi ta ba shi baki, ana cewa ai gauraka gauraka ce, kuma ga ta a fadama, ba a keji ba. Ya ce, "Ranar da ta iya tashi, ta ga damar tsayawa ko ta ga damar tafiya, ranar ta zama ta Allah. Yanzu ta mai almakashi ce."

Abin da ya biyo baya shi ne babban dalilin da ya sa nake rubutun nan. Baba ya ce gashin zai sake fitowa in aka ba shi watanni, saboda haka ba za a kai ta gidan kowa ba, a fadama za ta zauna. Mutanen rugar kusa suka yi mata shingen ƙaya inda take kwana saboda karnuka. Kullum da safe Baba yana can. Da keke ya gagare shi sai a ƙafa, da ƙafa ta fara kuskure hanya sai Inna Altine ta riƙe bakin sanda a gaba, shi yana riƙe da gindi a baya. Ya hana kowa ba ta hatsi a hannu, ya ce ta koyi kama fara da kanta. Wanda ya fi ciwo, tsuntsuwar ta saba da shi, da ta hango shi sai ta sheƙo. Shi kuma sai ya duƙa ya lalubo hoge ya jefa wajenta, yana kora. Na ce, "Baba, wannan wace irin ƙauna ce?" Ya ce, "In ba ta ji tsoron mutum ba, ranar da ta tashi hannun wani za ta faɗa. Gara ta tsane ni." Yana faɗa yana jifa, fuskarsa kuwa ba ta kalluwa.

Kowa a Madadi ya san tseren da ake yi, gashin fiffike yana tsiro, ido yana rufewa. In mutum biyu suka haɗu a kasuwa, bayan gaisuwa sai ka ji, "Ya gashin?" ɗayan ya ce, "Ya idon?" Malama Jemimah ta ce a cocinsu ma an sa shi a addu'a. Da sanyi ya wuce Baba yana iya ganin farin fiffikenta. Da zafi ya shigo sai inuwarta kawai. Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa ta gabas, ya ce da ni abin da ya rage masa shi ne ya san rana ta fito ko ba ta fito ba.

Ina wurin ranar da ta tashi. Safiya ce, mu kaɗan ne, ni da Zainulabideen da Inna Altine da Baba. Gaurakar ta yi ta tsalle tana buɗe fiffike kamar yadda ta saba a 'yan kwanakin, sai kawai ta ɗan ruga, ta buga, ƙafafunta suka bar ƙasa. Ta yi wani kuka mai kauri da ban taɓa jin irinsa ba, ta hau, ta kewaya fadamar, rana tana dukan tukkunta. Zainulabideen yana ta kabbara. Na juya in ga Baba. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga kai, ya buɗe idanu iyakar buɗewa, yana murmushi. Amma inda yake kallo ba nan take ba.

Ta yi arewa har ta ɓace.

Zainulabideen ya kama hannunsa ya ce, "Baba, ta tashi da kanta! Yanzu kam ta Allah ce, ka saka." Ni ma na sa baki, kuma ban ji kunyar roƙo ba. Na ce, "Ka ji fiffikenta, ka ji kukanta, kai ka yi jinyarta wata da watanni, ka ma gan ta da idonka tun tana ƙasa. Wa zai ce ka yi ƙarya?"

Ya ce, "Wadda na gani ta buhu ce. Wannan da ta tashi na ji ta, ban gan ta ba." Sannan ya ce, "Innar yara, kina nan?"

"Ina nan, Malam."

"Kin gan ta?"

"Na gan ta."

"Da idonki?"

"Da idona."

"To faɗa mini."

Matar nan da ta shekara talatin tana yi masa tsiya a kan tsuntsaye ta tsaya ta zayyana masa. Yadda ta miƙe wuya gaba, yadda ƙafafun suka bi baya, yadda farin fiffike ya fi yawa in tana sama. Yana gyaɗa kai yana cewa, "Haka ne. Haka suke." Da ta gama ya ciro ƙwallon ya lalubo tafin hannunta ya sa mata, ya naɗe yatsunta a kai. Ta ce, "Ni ina zan kai shi?" Ya ce, "Naki ne, ke kika gani."

Baba Mijinyawa, mun gode. Mun gode da shanun da ka tsare mana, mun gode da waɗanda ka ƙirga mana ba mu sa ka ba. Allah ya haskaka maka abin da ya fi wanda ka rasa. Ku kuma masu karatu, na Gwarzo da na Kabo da na ko'ina, ba na ce kowa ya nemi gora ba. Amma ku fita da safe ku duba abin da ke kan bishiyar ƙofar gidanku, ku tambayi tsofaffi sunansa tun suna nan, ku lura in ya daina zuwa. In hanya ta biyo da ku Madadi, ku tsaya ku gaishe shi, ku faɗa masa abin da kuka gani, yana son ji. Sai dai ku kiyaye, kar ku ƙara masa ko gashi ɗaya.

Shamuwa ta sauka a kan kuka ba da daɗewa ba, aka zo aka gaya masa. Bayan la'asar ya sa aka shimfiɗa tabarma, mutane suka cika layi har bakin masallaci. Ya zazzage goransa na ƙarshe, ya riƙa lalubo ƙwallayen da yatsu yana kiran suna, har tabarma ta koma wayam. Ya kakkaɓe hannu ya shiga kiran waɗanda ba su zo ba. Ya ce tuje. Ya ce burtu. Ya ce borin tinke. Ya ce ungulu. Kowa ya san sunan da ke biye.

Sai ya ce, "Gauraka kuwa ta zo bana. Ni ne ban samu ganinta ba. Ku tambayi Innar yara."